Daga furen hof zuwa dawar Mahuta: Yadda iri guda ke yanke ɗanɗano da farashi

Idan kaka ta yi a Mahuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai da ke masarautar Zuru a Jihar Kebbi, masu sayen dawa kashi biyu ne. Akwai wanda kuɗin mudu kawai yake tambaya, a auna masa, ya ɗinke buhu ya kama gabansa. Akwai kuma wadda za ta damƙi dawar a tafin hannu, ta duba launinta, ta shinshina, ta gatsa ƙwaya ɗaya da haƙori, sannan ta tambayi mai ita ko ta bana ce, kuma ko daga gona ɗaya ta fito.

Ita wannan ta biyun tsiro za ta yi da dawar, ko dai na kunun zaƙi ko na burkutu. Ta san cewa idan iri ya cakuɗe, aikinta na mako guda ya tashi a banza.

Abin da take yi a tsaye a bakin kasuwa, shi ne masu ƙananan masana'antun giya a Amurka da Turai suka mayar da shi abin alfahari. Sukan dafa giya da nau'i guda tak na wani fure da ake kira hof, su rubuta sunan nau'in a jikin kwalba, masu ɗanɗano su zauna suna tantance abin da wannan iri ɗaya ya bayar. Ga mai karatun da ba ya shan giya, kuma ba ya da niyyar sha, labarin yana da amfani ta fuskar kasuwa, domin ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa ita ce ke yanke farashin dawar Arewa a ƙofar manyan masana'antu.

Mene ne hof?

Hof tsiro ne mai yaɗo da ke hawa igiya ko waya har tsawon mita 6 ko fiye a cikin damina ɗaya. Macen tsiron ce ke fitar da fure kore mai ɓawo-ɓawo, wanda a cikinsa akwai wani gari ruwan ɗorawa mai danƙo. A cikin wannan garin ne amfanin yake. Yana ɗauke da sinadaran da ke zama ɗaci idan an tafasa su, da kuma wani mai da ke ba da ƙamshi. Haka kuma yana hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, abin da ya sa giyar da aka sa wa hof ke daɗewa ba ta lalace ba.

Muhimmancinsa ya kai har a shekarar 1516 aka kafa doka a yankin Bavariya na Jamus cewa ba za a sa komai a giya ba sai ruwa da sha'ir da hof. A yau manyan wuraren nomansa su ne yankin Hallertau a Jamus da kwarin Yakima a Jihar Washington ta Amurka, sai kuma garin Zatec na Jamhuriyar Cek, inda ake samun tsohon nau'in nan da ake kira Saaz.

Giyar da Turawa ke kira pale ale kuwa, asalinta Ingila. Ta samu sunanta ne daga hasken launinta, bayan da aka fara busar da tsiron sha'ir da gawayin kwal maras hayaƙi, wanda ba ya ƙona ƙwayar ta yi baƙi. Garin Burton ya yi suna a kanta saboda ruwansa mai gishirin ƙasa, wanda ke fito da ɗacin hof fili.

Dalilin zaɓen iri guda

Akasarin manyan kamfanoni kan gauraya nau'o'in hof da dama, don idan wani bai yi kyau ba a wata shekarar, wani ya rufa masa asiri, ɗanɗanon ya zauna yadda aka saba. Ƙananan masana'antu sun bi wata hanyar. A 1972 aka fitar da nau'in Cascade daga wani shirin bincike na gwamnatin Amurka a Jihar Oregon. A 1975 kamfanin Anchor na birnin San Francisco ya dafa Liberty Ale da shi kaɗai, sannan a farkon shekarun 1980 kamfanin Sierra Nevada ya fito da tasa giyar mai ƙamshin Cascade, wadda ta zama abin koyi ga dubban ƙananan masana'antu.

Hikimar mai sauƙi ce. Idan tsiro ɗaya ne, ruwa ɗaya, yis ɗaya, hof kaɗai aka sauya, to duk bambancin da harshe ya ji daga hof ɗin ya fito. Cascade kan ba da ƙamshin ɓawon garehul da na fure. Citra, wanda ya zo daga baya, ƙamshinsa ya fi karkata ga mangwaro da lemun tsami. Saaz kuwa ƙamshinsa mai sanyi ne, irin na ganye da ɗan yaji.

Lokacin da aka zuba furen ma yana da tasiri. Wanda aka sa tun farkon tafasa, ya yi kamar awa ɗaya a wuta, ɗaci yake bayarwa, ƙamshinsa ya bi tururi. Wanda aka sa daf da saukewa, ko bayan ruwan ya huce, ƙamshi yake bari. Akwai ma'auni na ƙasa da ƙasa na ɗaci, inda irin wannan giya ta Amurka kan faɗa tsakanin 30 zuwa 50, alhali giyar kwalba da aka saba gani a kasuwa ba ta cika kai haka ba.

Masu aikin ɗanɗano suna da tsari. Sukan fara da ido, su duba launi da kumfa. Sai hanci, sai harshe, daga ƙarshe su saurari abin da ya rage a maƙogwaro bayan haɗiya. Tsarin ɗaya ne da na masu ɗanɗanon shayi da gahawa da zuma, kuma bai bambanta da na dattijuwar da kan gane irin dawar da aka yi tuwo da ita daga loma ta farko ba.

A Najeriya ma an fara samun irin waɗannan ƙananan masana'antu. Kamfanin Bature, wanda ya soma a Abuja a 2017 kafin ya faɗaɗa zuwa Legas, ya gwada sa kayan gida irin su zoɓo da gahawa a cikin abin da yake dafawa. Amma hof ɗin dai daga waje yake zuwa.

Abin da ya hana noman hof a nan

Hof yana buƙatar doguwar rana a lokacin girmansa da kuma sanyin hunturu mai tsanani da zai kwantar da saiwarsa. Shi ya sa ake noma shi galibi a ƙasashen da ke tsakanin digiri 35 zuwa 55 daga layin da ya raba duniya biyu. Ƙasar Zuru tana wajen digiri 11 ne, inda tsawon dare da rana ba sa nisa da juna duk shekara. A irin wannan yanayi tsiron kan yi fure tun bai yi ƙarfi ba, amfanin ya zama kaɗan.

Masu bincike a jami'o'in Najeriya sun daɗe suna gwada abubuwan gida masu ɗaci don maye gurbinsa: shuwaka, namijin goro, ganyen dogon yaro, da ganyen utazi da ake ci a Kudu maso Gabas. An samu ɗaci, amma har yanzu manyan kamfanoni da kuɗin waje suke sayen hof. Abin da ƙasar nan ke da shi a yalwace shi ne ɗaya ɓangaren, wato hatsin da ake yin tsiro da shi.

Tsiro: inda kunu da burkutu suka haɗu

Ƙwayar dawa ma'ajiya ce ta sitaci. Idan aka jiƙa ta, ta fara tsirowa, takan saki wasu sinadarai da ke narkar da sitacin ya koma sukari, don ciyar da jaririn tsiron. Mai yin tsiro takan katse wannan tafiya a tsakiya: ta jiƙa dawar, ta shimfiɗa ta a inuwa tana yayyafa ruwa na kwana huɗu zuwa biyar, sannan ta shanya ta a rana ta bushe. Sinadaran na nan a ciki, suna jiran a niƙa a haɗa da ruwa mai ɗumi.

Wannan shi ne sirrin zaƙin kunun zaƙi na asali, wanda ake zuba wa niƙaƙƙen tsiro ko busasshen dankalin Hausa, ya tsinke ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Shi ne kuma tushen lemun malt na kwalba irin su Maltina da Malta Guinness, da garin shayi irin su Milo. Duk waɗannan babu maye a cikinsu.

Burkutu ya ɗara nan da matakai biyu. Bayan an dama garin tsiron an dafa, akan bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake tafasa shi na sa'o'i, a bar shi ya huce, sannan a zuba masa ragowar na baya, wanda ke ɗauke da yis. Yis ɗin ne ke cin sukarin ya mayar da shi barasa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfinsa kan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Tun da babu hof a ciki, tsami ne ke riƙe ɗanɗanonsa a maimakon ɗaci, kuma ba ya wuce 'yan kwanaki sai ya lalace.

A ƙasar Zuru, inda Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya suke zaune tare, sau da yawa a cikin dangi ɗaya, burkutu tsohon abu ne a al'adun Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Fakkawa da maƙwabtansu. Yana da gurbi a aikin gayya, da bukukuwan bayan girbi irin su Uhola, da kuma zamanin golmo, lokacin da saurayi kan yi shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Mata ne ke riƙe da sana'ar, kuma ilimin zaɓen dawa a hannunsu yake.

Akwai wata dabara tasu da masana'antu suka zo suka tarar. Sitacin dawa ba ya nuna sai a zafin da ya fi na sha'ir, zafin da kuma ke kashe sinadaran da ake buƙata. Masu dafawar gargajiya sukan bari ƙullun ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama mai ɗauke da sinadaran su ajiye gefe, su dafa gurbin ƙasa shi kaɗai, sannan su mayar da ruwan bayan ya ɗan huce. Injiniyoyi sun yi amfani da wannan ƙa'ida lokacin da ya zama dole su koma ga dawa.

Dawa ba ɗaya ba ce

A bakin ɗan birni dawa dawa ce. Manomi kuwa ya san farafara, mai farar ƙwaya da sakakkiyar zangarniya, wadda tuwonta ke fita fes. Ya san kaura, mai manyan ƙwayoyi ruwan ɗorawa. Ya san jar dawa iri-iri, wadda masu burkutu suka fi so saboda launi da kaurin da take bayarwa. Wasu nau'o'in masu duhun ɓawo suna ɗauke da sinadarin da ke sa bauri a baki. Baurin yana korar tsuntsaye daga gona, amma yana dakushe aikin tsiro, don haka masana'antu ke guje musu.

Kowane iri yana da saurin shan ruwansa da ranar da yake tsirowa. Idan aka haɗa iri biyu a buhu ɗaya, wani zai tsiro a kwana uku, wani yana nan bai motsa ba. Kafin na biyun ya kai, na farkon ya wuce lokaci, ya cinye sukarinsa, wataƙila ma ya fara funfuna. Haka abin yake idan aka gauraya ta bana da ta bara, domin tsohuwar da ƙwari suka huda ba ta tsirowa, ruɓewa take yi a cikin sauran. Wake ɗaya, in ji Hausawa, shi ke ɓata gari.

Shekarar da dawa ta shiga masana'anta

Tun daga 1949, lokacin da kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbarsa ta farko a Legas, da tsiron sha'ir na ƙasashen waje ake aiki. Abin ya sauya a watan Janairun 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi, a cikin matakan tsuke bakin aljihu na tattalin kuɗin waje. Dole kamfanoni suka juya ga dawa da masara.

A nan ne aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya yi rana. Irin da ake kira SK5912, wanda aka tace daga gajeriyar kaura, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda masana'antu suka fi nema, tare da farar dawa irin su KSV8 da ICSV400. Daga baya aka fito da CSR-01 da CSR-02 musamman don tsiro. Ko da aka ɗage haramcin a ƙarshen shekarun 1990, kamfanonin ba su bar dawa ba, domin sun riga sun sauya injina sun kuma ga sauƙin farashi. A 2008 Nigerian Breweries ya buɗe babbar masana'antar tsiron dawa a Aba, yana kuma da wata a Kudenda da ke Kaduna.

Najeriya tana noma kimanin tan miliyan 6 zuwa 7 na dawa a shekara, abin da ya sa take cikin manyan masu nomanta a duniya. Mafi yawanta tuwo da kunu da fura ake yi da ita a gida. Kason da ke tafiya masana'antu ƙarami ne, amma shi ne mai sharuɗɗa, kuma duk lokacin da Naira ta faɗi, sha'ir ya yi tsada, buƙatarsa kan ƙaru.

Abin da mai saye ke dubawa

Masana'antar tsiro ba ta sayen dawa da ido kaɗai. Tana son iri guda, ba gauraye ba. Tana son ƙwayar da za ta tsiro, aƙalla 90 cikin kowace 100. Tana son busasshiya, wadda damshinta bai wuce wajen kashi 12 cikin 100 ba, babu tsakuwa, babu ƙaiƙayi, babu funfuna. Funfunar ce abin tsoro, domin wani nau'inta yana haifar da gubar afalatoksin mai lahanta hanta, wadda tafasa ba ta kashe ta.

Matsalar tana faruwa ne a kan hanya. Manomi a ƙauyukan Fakai ko Danko-Wasagu ko Sakaba yana iya girbe iri mai kyau. Ƙaramin ɗan kasuwa ya saya mudu-mudu daga hannun mutum goma ya zuba a buhu ɗaya. Dillali ya haɗa buhunan kasuwanni uku ya cika mota. Kafin kayan su isa Dawanau a Kano ko ƙofar masana'anta, babu mai iya faɗin irin da ke ciki. Idan aka gwada aka ƙi karɓa, sai a sayar a farashin abincin kaji, kuma asarar ta gangaro har kan manomin da bai yi laifin komai ba.

Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ɗan kasuwa na iya ƙirga ƙwaya 100 daga wurare daban-daban na buhu, ya shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma, ya rufe, ya ajiye a inuwa kwana uku, sannan ya ƙirga waɗanda suka fito da saiwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya yi haka kafin ya loda mota ya san abin da yake ɗauke da shi, kuma yana da bakin yin ciniki.

Akwai gargaɗi ɗaya ga masu yin tsiro a gida. Saiwa da ɗan ganyen da ke fitowa daga ƙwayar dawa suna ɗauke da guba, irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa da ke kashe shanu. Shi ya sa ake murje su a sheƙe bayan tsiron ya bushe, kuma ba a ba yara ko dabbobi ɗanyensa.

Addini, doka da lafiya

Musulunci ya haramta shan duk abin da ke sa maye da cinikinsa, kuma Kebbi tana cikin jihohin Arewa da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a farkon shekarun 2000. Majami'u da dama a ƙasar Zuru su ma suna hana mabiyansu burkutu. Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya da illa ga jiki.

Manomi ko ɗan kasuwar da ba ya son hatsinsa ya shiga giya yana da damar tambayar inda kayansa za su, kuma malamai ne ke da amsar hukuncin. Abin lura shi ne kasuwar tsiro ta fi ta giya faɗi. Masu lemun malt, masu garin shayi, masu biskit da masu abincin yara duk suna neman dawa mai tsabta, kuma sharuɗɗansu iri ɗaya ne.

Abin da ya rage wa ƙasar Zuru

Yankin yana da ruwan sama da ya fi na arewacin jihar, da ƙasar da ta karɓi dawa, da manoman da aka san su da juriya a gona. Yana kuma da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, wadda za ta iya tattara nau'o'in dawar gargajiya na yankin, ta tantance su, ta adana. Wannan aiki na gaggawa ne, domin hare-haren 'yan bindiga sun raba ƙauyuka da dama na masarautar da gonakinsu a 'yan shekarun nan. Idan aka ƙona rumbu ko aka gudu aka bar shi, har da irin da aka gada daga kakanni ake rasawa, kuma wanda ya ɓace ba a sayo shi a kasuwa.

Manomin hof a Yakima yana sayar da amfaninsa da sunan iri da shekarar girbi, sau da yawa bisa yarjejeniyar da aka ƙulla tun kafin shuka. Ana iya yin haka da dawa. Ƙungiyar manoma a Mahuta da za ta amince kan iri ɗaya, ta sussuka shi a kan tamfol maimakon ƙasa, ta rubuta sunan iri da ƙauye da shekara a jikin kowane buhu, za ta iya zama da mai saye kai tsaye ta nemi farashin da ya fi na kasuwa. Ɗan kasuwar da ya ware buhunansa iri-iri, ya riƙe sakamakon gwajinsa a hannu, shi ma haka.